Ranar da Jatau Ya Sha Maɗaci

Wani mutum ne a unguwarmu, Jatau, Allah Ya zuba masa cika baki. Wai shi fuska yake karantawa. Ko akuya ya kalla, sai ya ce maka ranta a ɓace yake.

Ran nan matar abokinsa Sallau ta yi yaji. Kwana tara Sallau yana fama da garin kwaki, har wuya ya zanƙale. Jatau ya bugi ƙirji.

"Mu je biko tare. Kai dai ja bakinka, ni zan karanta maka fuskar surukinka."

To, da safen nan cikin Jatau ya murɗa, ya ɗaga kofin jiƙon maɗaci ya shanye, ƙwat-ƙwat. Ɗaci har ƙeya. Tun a hanya ya fara: "Yau kowa a garin nan fushi yake. Dubi mai shayi. Dubi jaririn can ma!"

Suka isa zaure. Surukin, Baba Makau, dattijo mai sanyin hali, ya tarbe su baki har kunne. Ashe ya riga ya lallashi 'yarsa, ta ɗaure kayanta tana laɓe a bayan ƙofa. Aka ajiye musu ƙwaryar fura, ta sha nono da zuma.

"Lale, lale da 'ya'yana!" in ji Baba.

Jatau ya zunguri Sallau. "Ka ga murmushin nan? Na mugunta ne. Korar kare zai yi mana."

Sai ya miƙe zumbur.

"Baba, mun gano ka! Riƙe 'yarka. Mata sun ƙare ne? Dama tuwonta duk gudaji!"

Sallau, bawan Allah, ya ɗora hannu a ka.

Masifa ta busar wa Jatau maƙogwaro, ya zauna ya kafa kai a ƙwarya. Zaƙi ya ratsa shi. Ya ɗago, duniya ta yi masa fes.

Baba Makau kuwa idanu sun kaɗa, gemu na rawa, hannu na lalubar sanda.

Jatau ya lashe baki. "Alhamdu lillahi, Sallau, ya sauko! Dubi fara'a. Har sandarsa zai ba ni tukwici."

Wallahi hannu biyu ya miƙa zai karɓa.

Fau! A tsakar ka.

Daga bayan ƙofa aka ji matar Sallau tana kwance kayanta, tana cewa, "Baba, ƙara masa ɗaya. Ta gudajin!"