Ranar da Na Zubar da Kwandon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, domin a ranar ne na gane cewa sunan Injiniya da ake kirana da shi a unguwarmu ta Hausawa a Anacha ya fi ƙarfina. Gaskiyar magana, karatun kwamfutar da na yi duka-duka wata uku ne, a wani shago da ke saman bene, mu goma sha biyu a kan kwamfuta huɗu. Amma lokacin kuɗin mai sun sake dawowa, kowane babban gida yana son a ga kwamfuta a falonsa, kuma duk wanda ya iya kunna ta ya kashe ba tare da ta yi hayaƙi ba, to ya zama injiniya. Ni kuwa ban taɓa musa wa kowa ba (har kati na buga, don Allah kada ku tambaye ni abin da na rubuta a jiki).

Surukina Alhaji dillalin albasa ne a Kasuwar Ose. A Anacha aka haife shi, rikici ya kora su arewa, bayan yaƙin basasa ya lafa ya dawo da amaryarsa, mahaifiyar matata Rabi. Ya dawo a kan gaɓa, kuɗin mai na farko suna yawo, har ya sayi sabuwar a-kori-kura, suka tsaya a gabanta shi da Hajiya aka ɗauke su hoto. Hajiya ta rasu Rabi tana da shekara huɗu. Wannan hoton da wasu tsofaffin hotuna, Yaya Sani, wan Rabi, ya kai aka yi musu sikanin ya zuba a kwamfutar gidan kafin ya tafi aiki Fatakwal. Allah ya so ya yi hakan, don a daminar da ta biyo baya ruwa ya shiga ɗakin Alhaji, akwatin hotunan ya jiƙe, duk suka manne suka lalace. Wato fuskar Hajiya ba ta saura a ko'ina ba sai a cikin wannan kwamfutar.

Ita kuma kwamfutar ta tsufa. Idan ka kunna ta, za ka iya zuwa ka yi alwala ka yi sallah ka dawo, ka tarar tana nan tana miƙa. Ga gurnani kamar injin markaɗe.

Ana jibi suna Alhaji ya aika a kira ni. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Injiniya, ya mai jego? Ya baƙuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, suna gaishe ka."

Ya ce, "Madalla. Tunda sunan marigayiya ka ce za ka sa wa yarinyar nan, ina so idan an yi raɗin suna in nuna wa dattawa mai sunan. Amma wannan abar, kafin ta farka sai shayi ya huce. Ko za ka duba mana ita?"

Na ce, "Ai wannan ƙaramin aiki ne, Baba. Shara ce ta yi mata yawa."

Ya miƙe zai koma kasuwa, sai ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Ka yi duk abin da za ka yi, amma ka kula da kwandona. Kayana duk suna ciki."

Na leƙa ƙarƙashin teburin, sai ga wani kwandon kaba cike da wayoyi da fayafayan sidi da tsohuwar tocila. Na ce, "Ko taɓa shi ba zan yi ba, Baba." Kuma wallahi na cika alkawari, ban taɓa wannan kwandon ba. Har matsar da ƙafata na yi don kada in shure shi.

Na naɗe hannun riga na fara aiki. Na cire wasannin da jikoki suka zuba, na goge waƙoƙin da babu mai saurare. Sai idona ya kai kan ɗan hoton nan na kwandon shara da ke kusurwar allo, na ga ya cika har takardu suna leƙowa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ka ji mutanen da, shekara da shekaru ba a zubar da shara ba, ina za ta yi sauri? Ban buɗe na duba ba. Injiniya ne zai tsaya tonon shara? Na danna a zubar. Kwamfutar, baiwar Allah, har tambayata ta yi ko na tabbata. Na ce mata na tabbata. Don in nuna bajinta kuma, na ɗauko faifan maganin bairos da nake yawo da shi a jaka na ɗora mata, na kashe ta na tafi gida ina jin kaina. (Ko ɗigon sauri ba ta ƙara ba, amma na gaya wa kaina sai ta kwana ta huce tukuna.)

Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa yarinya suna Hauwa'u. Jama'a suka ragu, dattawan kasuwa kusan goma suka shiga falon Alhaji, har da limamin unguwa. Alhaji ya sa aka tayar da janareto, ya zauna a gaban kwamfutar ya gyara tabarau, ya ce musu, "Surukina ya yi mata aiki, yau ba za ku daɗe ba." Muka daɗe. Wani dattijo har gyangyaɗi ya fara. Ni ina tsaye a gefe cikin sabuwar shadda, ina bayani a kan bairos ba tare da kowa ya tambaye ni ba.

Da ta gama farkawa, sai na ga Alhaji ya kama linzamin kwamfutar ya nufi kusurwar allo kai tsaye. Ya buɗe kwandon shara. Fari fat, babu komai. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

Ya ce, "Injiniya, ina kayan cikin kwandon nan?"

To, a nan ne wurin da har yau idan na tuna nake jin kunya ta rufe ni. Da fara'ata, da ƙarfina, yadda kowa zai ji, na ce, "Ai na zubar, Baba. Tas na share shi."

Alhaji ya dube ni ya ce a hankali, "Ka zubar da Hauwa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana zuba haja a kwando, ya fito da ita ya nuna wa mai saye ya mayar, me zai ɗauki hoton kwando idan ya gan shi a allo? Wurin ajiya mana. Yaya Sani ya koya masa jan abu da linzami, shi kuma da kansa ya gano cewa idan ya ja hoto ya saka a kwando, sai ya ɓace daga idon jikoki masu taɓe-taɓe. Duk ranar Juma'a yakan jawo hoton Hajiya waje, ya kalla, ya mayar da shi kwando. Ni kuma na zo da ilimina na wata uku na kwashe.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Liman ya ce, "Innalillahi," wani dattijo ya ce, "Ba za a iya bin motar sharar ba?" Babu wanda ya yi dariya, ni ma da kuka ya fi mini sauƙi. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Tashi, yau ranar farin ciki ce. Allah ya ƙaddara." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin azahar labari ya isa gidana. Na sami Rabi a ɗaki da jaririya a hannu, ƙawayenta suka fice suka ba mu wuri. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ni fa ban san fuskar Mama ba sai a hoton nan. Na so in nuna wa wannan idan ta girma." Ta juya ta ci gaba da jijjiga yarinyar. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba.

Washegari na naɗe kwamfutar a zanin gado, na rungume ta a kan babur ɗin okada sai Kasuwar Ochanja, shagon Madam Ngozi mai gyaran kwamfuta. Wannan matar ita ce nake gaya wa mutane kada su kai mata aiki, wai ni zan yi musu a gida. Ta saurare ni har na gama, ta ce da Turancin buroka, "Oga Injiniya, na you do this one?" Na ce ni ne. Da yake ta girma a cikin Hausawa, sai ta juya harshe ta ce, "Bayan ka zubar, ka saka wani abu a ciki?" Na ce maganin bairos kawai. Ta dafe kai ta ce, "Chineke! Ka zubar da kaya, ka kuma zuba siminti a kai." Ta yi mini bayani cewa abin da aka goge yakan zauna a ɓoye har sai an ɗora wani abu a gurbinsa, ni kuwa na ɗora.

Sannan ta kwance murfin kwamfutar a gabana. Fankar ciki ta toshe da ƙura da ɓawon albasa, har da gawar kyankyaso guda. Zafi ne yake sa ta nawa, ga ƙwaƙwalwarta ƙarama. Ta hure ta, ta ƙara mata ƙwaƙwalwa, cikin minti ashirin kwamfutar nan ta tashi garau. Sharar da na zubar ba ta da laifin komai.

Kwana biyu ina zarya shagon. A rana ta uku ta ce ta ceto hotuna tara. Na Hajiya yana ciki, amma rabi ne. Daga kafaɗa zuwa sama ya fito, daga nan zuwa ƙasa toka-toka kawai, motar gaba ɗaya babu ita. Na sa ta wanke mini kwafi huɗu a takarda, na kai wa Alhaji.

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ga Hajiya da ɗaurin ɗankwalinta, tana murmushi, ga shi a gefenta da gashin baki baƙi wuluk. Na ce, "Baba, ka yafe mini, motar ba ta fito ba."

Ya ce, "Motar nan ai ni na sayar da ita da hannuna tun kafin a haifi matarka. Ka taɓa ganin na zauna ina kallon mota?" Ya share ido da bayan hannu, ya miƙo mini kwafi ɗaya ya ce, "Kai wa Rabi. Wannan kuwa da yake a takarda, ko wuta babu zan gan ta."

Da yamma sai ga ɗan dako a ƙofar gidana da kwandon albasa, wai in ji Alhaji, kayan barka ne, amma a gaya wa Injiniya wannan kwandon ba na zubarwa ba ne. Kafin sati ya zagayo, daga Ose har masallacin unguwa sunana ya koma Injiniya Kwando, kuma har yau da 'yata Hauwa'u (Ummi muke ce mata) ta kusa gama sakandare, sunan bai sake ni ba. Katunan nan kuwa na daina rabawa. Abin da na koya shi ne, idan mai abu ya ce a kula masa da kwandonsa, to a tsaya a tambaye shi wanne, kuma idan na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, yanzu nakan tashi in je in tambayi mai ita.