Tutocina Goma a Mashayar Shanu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba za ni taɓa mantawa da ranar da na tashi koya wa masunta kamun kifi ba. Ni fa, da ko iyo ban iya ba.

Lokacin ina sabon malamin gona a garin Isa, ina neman auren Luba, ɗiyar Baba Alu masunci. Sau biyu magabatana suna zuwa, yana ce musu a dakata tukuna. In na je gaishe shi kuwa, sai ya dubi tafin hannuna ya ce, "Malam, hannun ga naka ya taɓa aiki kuwa?" Wallahi maganar tana ci mini rai. Na ƙudura sai na nuna wa tsohon nan cewa boko ma yana ciyar da gida.

Dabarar a waya na gan ta. Turawa ne a ƙasar da tafki ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Sai su huda rami, su zura ƙugiya, su ɗora wani katako mai lanƙwasasshen ƙarfe da 'yar tuta a bakinsa. Mutum ya koma gefe yana shan shayinsa. Da kifi ya ja zare, tuta ta miƙe tsaye, a zo a fito da wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki. Na ce to, mu ba mu da ƙanƙara (ko ta sanyaya zoɓo sai an yi layi), amma muna da itace. Na sassaƙa turaku goma, na farke tsohuwar laima na cire ƙarafunanta, na yayyaga jan ƙyalle. Na gwada a cikin baho, abu ya yi aiki tsaf. Ranar har tafiyata ta canza.

Sai zaɓen wuri. Na bi bakin gulbi, ko'ina da mai shi, wannan ya kafa gura, tarkon kifi, wancan ya shimfiɗa mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa. Can ƙasa sai ga wani wuri shimfiɗaɗɗe, ruwa kwance, ba zurfi, ba kowa. Na yi dariya a raina, na ce ka ji mutane, shekara da shekaru suna su, wuri mafi kyau sun bar shi banza. Ban tambayi kowa dalili ba. Mai takardar shaida zai tambayi wa?

Da hantsi na kafa turakuna, na sa tana a kowace ƙugiya, na gayyato Baba Alu da abokansa uku. Na zaunar da su ƙarƙashin wata tsamiya bayan gaɓa, inda doguwar ciyawa ta tare ruwan, sai dai in tuta ta tashi a hango kanta. Na dafa shayi ina ta zuba bayani.

Baba Alu ya ce, "Malam, ina ka ce ka kahwa su?"

Na ce, "Baba, ku dai sha shayi. Yau kifi ne zai kira mu."

Ban gama rufe baki ba tuta ɗaya ta yi sama. Sai ta biyu. Kafin in aje kofi duka goman sun miƙe suna rawa. Na zabura ina ihu, "Ku taso ku ga ilimi! Giwan ruwa ne, na rantse!" Na ji Baba Alu yana kirana da ƙarfi, na ɗauka murna ce. Na keta ciyawa a guje ina waige ina yafuto su, na sulale daga gaɓa, na lume cikin laka har gwiwa.

Da na ɗaga kai, shanu ne. Garke guda, farare tas, tsaye cikin ruwa, zarurrukana sun nannaɗe musu ƙafafu. Ashe mashaya ce, shi ya sa ba mai sa ƙugiya a wurin. Wata saniya tana ta kaɗa kai, ƙugiyata maƙale a leɓenta, jini na ɗiga. Mai su, wani dogon makiyayi da ake kira Buba, ya taho da sanda a sama.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Duk wanda ya san yankinmu ya san taɓa saniyar mutum ba abin wasa ba ne. Na yunƙura in ruga, laka ta ce ba inda za ka. Na sake ja, takalmi ya tafi, ƙafa ta zauna. Da na ga ba mafita sai na ce, "Ni ne. Ka yi haƙuri."

Baba Alu ya iso, ya yi wa Buba magana da Fillanci a hankali, ya dafa wuyan saniyar, ya zare ƙugiyar da yatsu biyu. Ni kuma mutum biyu suka kama hammatana suka tumɓuke ni, wandona ya tsaya a gwiwa, a gaban mutumin da nake so ya zama surukina. Na koma gida ba takalmi, na ce shi ke nan, Luba ta tafi.

Bayan kwana uku ya aika a kira magabatana. Kawuna ya dawo yana dariya ya ba ni labari. Wai tsohon cewa ya yi, "Yaron ga wawa ne wajen ruwa. Amma sanda na bisa kainai bai gudu ba, ya tsaya ya ce shi ne. Na ba shi Luba."

Yanzu 'ya'yanmu uku da Luba. Darasin da na koya, in ka ga wuri mai kyau kowa ya bar shi, ka tambaya kafin ka kafa tuta. Maganar laka kuwa, ku riƙe mini ita a nan. Har yau Baba Alu yana ba baƙi labarin jarumtata, ni kuma ina sunkuyar da kai, su ce kunya ce irin ta suruki.