Karotin da Na Hana a Rage

Ba zan taɓa mantawa da abin da idona ya fara gani ba, ranar da na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na leƙa garkar da ke bayan ɗakin Inna. Ramatu ce durƙushe, tana cire 'ya'yan karoti tana jefarwa gefe. Ba ciyawa ba fa, karotin kansa, wanda muka yi sati uku muna ba ruwa safe da yamma. Baba kuma yana tsaye a kanta, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai.

Ramatu 'yar ƙanen Baba ce. Daga Bengou aka kawo ta gidanmu a Gaya don ta yi kolej, ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. A lissafi na fi ta, a faransanci kuwa ba a ma magana (tana karatu kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi). Amma Baba direban babbar mota ne da ya tashi a gona, makin lakwal bai taɓa sa shi gyaɗa kai haka ba. In na kawo masa takardar sakamako, sai ya ce "Madalla," ya miƙa wa Inna. In Ramatu ta taɓa ƙasa kuwa sai ka ji, "Yarinyar nan hannun kakarta gare ta."

Kakarta fa kakata ce. To ni hannun wa gare ni? Ban tambaya ba, don ni ba mai magana ba ce. Kallo nake yi, in ajiye a ciki. Abin da nake so bai fi kalma biyu ba daga bakin Baba, irin waɗanda yake ba ta kullum.

Da sanyi ya shigo, Baba ya yanka mana fangali ɗaya ɗaya, ya raba mana irin karoti daidai. Ramatu ta cuɗa nata da yashi, ta ja layuka da kara, taƙi guda tsakanin layi da layi, ta zuba a hankali, har ta rage saura ta ƙulle a leda. Ni kuwa na ga rowa ce. Na watsa nawa duka, kamar mai barbaɗa gishiri a miya.

To ranar nan da na same ta tana cirewa, Baba ya yafito ni.

"Zo ki gani, 'yar boko. Yatsa uku tsakanin wannan da wannan. Karoti a ƙasa yake girma, sai an ba shi wuri."

Ramatu ta ɗago, goshinta duk ƙasa, ta ce, "In na gama sai in rage miki naki."

"A'a, na gode."

A raina cewa na yi, wato kin kashe rabin naki, kina so ki kashe nawa mu zama ɗaya. Na kalli fangalinta, duk giɓi kamar bakin tsohuwa. Na kalli nawa, kore shar, ba inda za a sa allura. Na kalli waɗanda ta jefar suna kwance a rana, kowanne da ganyensa biyu da ɗan zare fari a ƙasa. Tausayi ya kama ni. (Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar magana, lissafi na yi: in nata ya ragu nawa ya ƙaru, na ninka ta.)

Da suka shiga sallar la'asar, na tsince su tas. Na ɗauko bik ɗina, alƙalamin da nake rubutu da shi a lakwal, ina huda rami a gefen fangalina ina cusa su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka mutu, da yawa suka tashi. Daga nan kullum in na ba shi ruwa sai in ƙara rabin bokiti, in kuma saci takin awaki in zuba masa shi kaɗai.

Wata biyu, fangalina ya zama abin kallo. Ganye ya kai gwiwata. Matan maƙwabta in sun shigo aron turmi sai su tsaya su ce tubarkalla. Da Baba ya dawo daga tafiyar Kwatano ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya ce, "Hmm." Na kwana uku ina juya wannan "Hmm" ɗin, na yanke cewa mamaki ne ya hana shi magana.

Sai wata Lahadi Gwaggo ta ƙetaro gada daga Malanville. Ƙanwar Baba ce, 'yar kasuwa, in ta yi dariya a tsakar gidanmu ana jin ta a bakin titi. Inna ta ɗora dafa-duka da kifin kogi, ta ce mu je mu ciro karoti. Gwaggo ta biyo mu tana taunar goro, Baba a bayanta.

"Kai! Wannan na wa ne, kamar an shimfiɗa darduma?"

Ni da ko gaisuwa sai an matsa mini nake ɗaga murya, sai na ji bakina ya ce, "Nawa ne, Gwaggo." Da na tsaya nan da sauƙi. Na ƙara da cewa, "Na Ramatu wancan ne, mai giɓi-giɓi."

"Ashe shiru-shirun nan aiki take yi! Maza ɗauko roba, da shi zan koma gida."

Na wuce ƙananan robobi uku, na ɗauko babbar ta wanki.

Na kama ganye na ja. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai ga guda biyar sun fito tare, sun nannaɗe juna kamar kitso, kowanne bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Na ce a raina wannan gefen ne bai samu taki ba. Na koma tsakiya. Na can sun ma fi sirantaka, wasu ko launin karoti ba su yi ba. Na juya gefen da na yi dashe, inda ganyen ya fi kauri, na ciro ɗaya. Gajere ne, ya rabu biyu a ƙasa, kamar ɗan mutum sanye da wando.

Gwaggo ta karɓa ta ɗaga shi sama. Goron bakinta ya kusa shaƙe ta.

"Yaya, zo ka ga jikanka! Har da ƙafafu! Waɗancan kuma asuwaki ne ko ashana?"

Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga. Ni kuwa ina durƙushe gaban robar wanki, abin da ke cikinta bai cika tafin hannu biyu ba.

Baba ya juya mai wandon a hannunsa ya ce, "Wannan dashe ne. Karoti ba ya son dashe, in saiwar ta lanƙwashe shi ke nan. A ina kika samo?"

"Waɗanda Ramatu ta zubar," na ce, ina kallon yatsun ƙafata.

Ramatu ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta sunkuya ta ciro ɗaya a nata, ya fito sumul, tsawon taƙi, kauri kamar muciya. Ta ciro shida ta zuba a robata, kamar tare muka noma.

"To," in ji Baba, "awaki dai za su sa miki albarka, ganye ya yi kyau."

Iyakar yabon da na samu ke nan. Na ci dafa-dukan kaina a ƙasa, kuma karotin Ramatu, Allah ya sani, zaƙi gare shi. Na so a ce ba shi da daɗi.

Abin da na koya shi ne, wata uku na yi ina gasa da yarinyar da ba ta ma san ana gasa ba, kuma duk abin da nake taƙama da shi a sama yake, inda awaki ke kaiwa. Kishin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau in Baba ya yaba mata sai in kau da kai.

Washegari a hanyar lakwal, sai da muka kusa ƙofa na samu bakin magana.

"Ramatu."

"Na'am?"

"In an sake shuka, ki rage mini nawa. Amma don Allah waɗanda kika cire, ki ba awaki nan take, kada ki bar su inda zan gani."