Dattijo, Mai Tare Wa Jama'a Iska, Ya Kwanta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da kafaɗar dama a ɗaure, kafintan nan da 'yan ƙungiyar tseren keke ta unguwa ke kira Garkuwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na tsere, wanda aka fi sani da Dattijo. Marigayin ya cika ranar Lahadin da ta wuce, da hantsi, a gangaren da ke bayan gadar jirgin ƙasa, ana tsakiyar gasa. Bai yi jinya ba. Ya rasu a bakin aiki, a gaban layi, inda ya saba zama tun shigarsa ƙungiyar. Da tafiyarsa mai shi ya rasa wurinsa a wannan layi, kuma wannan rashi ya fi cin ransa fiye da ciwon kafaɗar.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa da ba wanda ya tantance, domin sunan da ke jikinsa ya goge tun kafin ya iso hannunmu. Garkuwa ya tsince shi a rataye, kai ƙasa ƙafa sama, a shagon mai sayar da tsofaffin kaya, ƙura ta rufe shuɗin fentinsa. Jikinsa ƙarfe ne zalla, irin na da. Ranar da aka fara kai shi wurin atisaye, 'yan ƙungiya sun sha dariya har da riƙe ciki. Wani siririn wanzami da ake kira Sauro, wanda shi ne mai gudun ƙarshe na ƙungiyar, ya ɗaga nasa keken da yatsa biyu, sannan ya gwada ɗaga wannan, ya ce, "Yaya, wannan keke ne ko ƙofar gida ka cire ka sa wa taya?" Kyaftin ɗin ƙungiyar ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce a bar zolaya, wannan dattijo ne, a ba shi girmansa. Daga ranar sunan ya bi shi.

Saboda masu ta'aziyyar da ba su san sana'ar marigayin ba, ya kamata a yi bayani. A tseren keke babban abokin gaba shi ne iska. Wanda ke gaba shi ke shan ta a ƙirji, sauran su jeru a bayansa su laɓe, taya na bin taya, tsakaninsu bai wuce tafin hannu ba. Na baya ba ya ganin hanya, gadon bayan na gabansa kawai yake gani. Don haka idon na gaba shi ne idon kowa. In ya hango rami ko dutse, dole ya saki kan keke da hannu ɗaya, ya sauke shi ya nuna wurin, na bayansa ma ya nuna, har alamar ta kai ga na ƙarshe. Kyaftin ba ya wasa da wannan doka. Yakan ce, "Wanda ya ga rami bai nuna ba, ya cire mana rigarmu ya tafi gida."

Wannan shi ne aikin Dattijo da mai shi. Garkuwa mutum ne mai faɗin baya, ga ƙirji, ga haƙuri, sai Allah ya haɗa shi da keke mai irin halinsa. Su ne ke tsaga iska daga farkon tsere, su ja jama'a har ƙafa ta fara rawa, in an kusa layin ƙarshe su kauce gefe, Sauro ya fito daga bayansu da sauran ƙarfinsa ya wuce. Marigayin bai taɓa cin kofi ba. Hotonsa bai taɓa fita ba sai dai ta gefe, rabin taya a bayan wanda ake ɗauka. Sau da yawa yakan iso bayan an gama tafi, an fara naɗe tutoci. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma mai shi ma bai yi ba. Garkuwa yana son wurin nan na gaba kamar ransa, domin a nan ne kaɗai a duniya mutane ke rufe ido su bi bayansa.

Marigayin mai kyawawan halaye ne. Bai taɓa zubar da sarƙa a tsakiyar gasa ba. Bai taɓa kunyata mai shi a kan tudu ba, ko da yake yakan hau shi ne a natse, irin hawan manya. Ba shi da yawan magana. In an daina taka feda, tayarsa ta baya takan ce tsik-tsik-tsik-tsik, a hankali, kamar mai lissafin numfashi, kuma duk ƙungiyar ba wanda bai san wannan murya ba. In an canza giya yakan ce ƙwas, sau ɗaya, ya wuce wurin. In ruwa ya taɓa birkinsa sai ya ce ƙiiii, har karnukan layi su amsa. Gaskiya ta sa a faɗi aibinsa: yana da cin tiyub, kuma sirdinsa bai san tausayi ba.

A falo yake kwana, a kan maratayi biyu na katako da Garkuwa ya sassaƙa da hannunsa ya kafa a bango, sama da kujerar baƙi. Uwargidan kafintan ta yi fama da wannan zama. Labulenta ya sha baƙin mai, tsofaffin singiletin gidan duk sun ƙare a goge sarƙa, buroshin haƙori kuwa da ya ɗan tsufa sai a neme shi a rasa. Takan ce, "Maigida, baƙo ya zo ya rasa inda zai jingina kai, sai ka ce mu ne muke haya a wurin keken nan." Duk da haka, ita ce ke cika gorar ruwa da sassafe ta ajiye a bakin ƙofa. Ƙaramar 'yarsu kuma ta tashi tana juya fedar da hannu, ta saki, ta kasa kunne tana sauraron tsik-tsik ɗin har ya tsaya.

Ga yadda ajali ya zo. An kwana ana ruwa kafin ranar gasar, gari ya waye da iska mai bugun fuska. Tun daga gadar Garkuwa ya karɓi gaba, Sauro na manne da tayarsa, sauran 'yan ƙungiya na biye, a bayansu kuma 'yan wasu ƙungiyoyi sun laɓe suna cin arzikin bayansa. Suka shiga gangara da gudun da ba a magana. A kan wata kwana a gangaren, ruwan daren ya buɗe rami a kwalta ya kuma cika shi, har ya yi kama da ɗan kwantaccen ruwa. Sai da aka zo dab da shi Garkuwa ya ga bakinsa, ya gane zurfinsa.

Ya san abin da zai cece shi. Da hannu biyu a kan keken, zai iya fizge Dattijo gefe, ko ya ɗaga shi ya tsallake. Sun sha yin haka in suna su kaɗai. Amma in ya kauce babu alama, Sauro zai faɗa ramin kai tsaye, na bayansa su hau kansa, a tara mutane a kan kwalta. Ba wani dogon tunani ya yi ba, lokacin ma bai isa ba. Hannunsa na dama ya sauka da kansa ya nuna, kamar yadda ya saba. Sauro ya gani ya kauce, ya nuna wa na baya, layin ya dare biyu ya wuce ramin lafiya. Dattijo kuwa ya shiga da tayar gaba, da hannu ɗaya kacal a kansa.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas. Wuyansa ya karye daga inda kai ya haɗu da jiki, ƙashin ƙirjinsa ya lanƙwashe. Garkuwa ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗa, hular kwanonsa ta tsage. Ba wanda ya tsaya, kuma wannan ma doka ce: in mai tsaga iska ya faɗi, ba a ɓata wahalarsa da tsayawa, motar da ke biye ita ke ɗaukarsa. Shi da kansa ya sha koya wa sababbi haka. Ya kwanta a kan kwalta yana kallon rigunansu suna ƙanƙancewa, kuma ya ce bai ga laifin kowa ba, amma abin ya yi masa ciwo, ba zai ɓoye ba. A gefensa marigayin na kwance, tayar baya a sama tana juyawa, tsik-tsik-tsik, tana raguwa, har ta yi shiru. A ƙarshen tseren Sauro ya zo na huɗu, wato inda ba a ba da komai.

An yi iya ƙoƙari. An kai gawar wurin mai walda, maƙwabcin shagon kafintan, ya juya ta, ya shafa karayar da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, zan iya haɗa shi ya kai ka kasuwa ya dawo da kai. Amma ka sa shi a gaban mutane a gangara, ban yarda ba, kada a ce ni ne." Garkuwa ya ce Dattijo bai yi rayuwar ɗaukar cefane ba, ba zai fara bayan mutuwa ba. Likita kuma ya ce ƙashin kafaɗar zai haɗe, sai dai a shekarunsa faɗuwa ta biyu za ta raba shi da zarto da guduma har abada. Uwargida ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta shanya rigar ƙungiyar bayan ta wanke, ta ce, "Maigida, na wanke jinin nan sau ɗaya. Kada ka sa in sake."

Kyaftin ya zo dubiya da yamma, ya zauna a kujerar baƙi, a ƙarƙashin maratayan nan biyu da babu komai a kansu. Ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya fito da maganar. Ya ce daga wannan mako wani mai gyaran wuta da ake kira Dogo zai riƙe gaba. Ya ƙara da cewa, "Ai kana nan tare da mu, Garkuwa. Muna neman mai miƙa ruwa a bakin hanya, kuma ba wanda ya fi ka sanin inda ƙishi ke kama mutum." Garkuwa ya ce, "To, Kyaftin, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya tarar da 'yarsa tsaye tana kallon bangon. Ta ce, "Baba, yaushe za a sallamo shi?" Sai ya juya ya shige ɗaki.

Marigayin ya rasu ya bar taya biyu, ɗaya a karkace ba ta san inda kanta yake ba. Ya bar famfo, gorar ruwa, gwangwanin mai da bai kai rabi ba, da matsattsen gajeren wandon tseren mai shi da uwargida ba ta taɓa yarda ta haɗa hanya da shi ba. An riga an raba gado ba tare da rigima ba. Sarƙa ta tafi wurin Sauro, wanda ya karɓa yana share hawaye da bayan hannu, duk tsiyar bakinsa ta gudu. Sirdin ba wanda ya nema, domin ya riga ya ɗauki siffar mutum ɗaya. Tayar baya kuwa, mai muryar, Garkuwa ya miƙa wa Dogo da kansa, ya ce masa ya riƙa sa mata mai kaɗan-kaɗan, ba ta son a cika.

Ana karɓar gaisuwa a shagon kafintan, daga safe zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa su kame bakinsu daga cewa ai ƙarfe ne, ko ka gode Allah ba kai ba ne. Ya gode, kuma yana kan godewa. Wanda ya zo da shawarar a sayi wani, ya fara biyawa ta wurin uwargida in yana da ƙarfin hali.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da sanyin safiya. Za a tashi daga ƙofar shagon a ƙasa, mai walda zai tura baro da tsakuwa da yashi, gawar a sama. A gangaren bayan gada za a sa guntun wuyan da ya karye a cikin ramin, a cike shi, a daddaɓe har ya yi daidai da kwalta. Sauran jikin zai koma falo, kan maratayansa, kuma uwargida ta ce ta amince. Bayan an rufe, ƙungiya za ta gangaro a layi, Dogo a gaba, kuma an umarce shi ya daina taka feda daidai kwanar, domin a ji muryar marigayin sau ɗaya. Garkuwa zai tsaya a gefen titi, ya sauke hannun hagu, mai lafiyar, ya nuna wurin har na ƙarshe ya wuce. Ya roƙi kada kowa ya rage gudu saboda shi, kada kuma a waiwayo. Daga nan kowa yana iya kama gabansa. Shi zai koma gida da ƙafa.