Shuɗin Durom a Soron Gidanmu

Kafin ranar ɗaurin auren ƙanwata, ranar da har yanzu ba ta bar ni na manta da ita ba, na yi imani cewa duk abin da aka huda ya tashi aiki. A kan wannan imani na gina aikina a wani kamfanin jimar fata da ke bayan gari, inda nake kula da sharar masana'anta.

Sharar tamu iri-iri ce. Guntayen fata muna sayar wa masu dafa gam, kwalaye kuma masu sake sarrafa takarda ke kwashewa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne shuɗayen duroman roba da ake kawo mana sinadarin jima a ciki, mai guba, kowanne da hoton ƙoƙon kai a jikinsa. Na san mutanenmu da son durom saboda wahalar ruwa, sai na kafa doka: duk wanda aka juye, a huda gindinsa da jan ƙarfe kafin a ba masu sayen tsohuwar roba.

A lokacin soja sun miƙa mulki, hukumomin da suka daɗe suna gyangyaɗi sun farka. Wani jami'in hukumar muhalli, Malam Bukar, dattijo mai ƙarancin magana, ya zo duba mu, a hannunsa kuma sabunta izinin kamfanin yake. Na ɗaga masa durom ɗaya ya hango rana ta hujin, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko ɗigo ba zai ƙara riƙewa ba." (Na tuna har ƙwanƙwasa shi na yi, kamar mai tallar kankana.)

Ba a jima ba aka zo ɗaurin auren a gidanmu na Soron Ɗinki. Cikin dangin ango da suka zauna a tabarmi a ƙofar gida, sanye da farar shadda, sai ga Malam Bukar. Ashe kawun ango ne. Muka gaisa cikin mutunci, na miƙa masa kofin zoɓo da hannuna, ya sha ya yaba. Ni ma na sha.

Da zoɓon da ke cikin jug ya ƙare na shiga soro don in ƙaro. Nan na tarar da inda ake ɗibar zoɓon: shuɗin durom, an ɗaure masa tsohon zane, ƙanƙara na yawo a ciki. Na durƙusa na shafa gindinsa, yatsana ya taɓo tabon liƙi, daidai inda nake sa a huda.

Gwaggo Ladi, yayar mahaifinmu kuma uwar bikin, ta leƙo daga cikin gida.

"Injiniya, me kake lalube? Ko kuɗinka ne ya faɗi?"

"Gwaggo, ina kika samo wannan?"

"A bakin kasuwa, wurin masu liƙin roba. Kai dai ka ga sabon abu, wani marar tsoron Allah ya bi ya huda shi. Da garwashi da guntun ƙarfe suka gyara shi tas."

"Guba ake zubawa a ciki, Gwaggo."

"Wace guba? Da toka da sabulu na dirje shi har hannuna ya yi fari. Matsa ka ba ni wuri, baƙi na jira."

Ban san ko wanki na fitar da wannan sinadari daga roba ba. Digirin nawa bai ba ni amsa a tsugune a soro ba. Abin da na sani shi ne a cikin gida akwai mata da ƙananan yara, kuma kofuna na ta zagayawa. Gwaggo ta miƙo jug, ni kuwa na sa kafaɗa na ture durom ɗin.

Soronmu yana da gangara zuwa waje. Jan ruwa ya bi dokin ƙofa ya malale tabarmi, ya shige ƙarƙashin surukai. Durom ɗin ya biyo baya yana birgima, zanen ya kwance, ya tsaya a gaban Malam Bukar da ƙoƙon kan da sunan kamfaninmu suna kallon sama. Na fito jiƙe sharkaf ina roƙon jama'a su ajiye kofuna.

Malam Bukar ya dubi shaddarsa, ya juya durom ɗin da sandarsa har ya ga liƙin. Ya ce a hankali, "Malam, ɗigo ne ka ce ba zai riƙe ba. Ga shi ya riƙe na ɗaurin aure guda."

Sauran yinin a asibiti na ƙare shi, ina jigilar duk wanda ya yarda ya bi ni, ina jin kowane tari kamar sammaci. Allah ya tsare, ba wanda ya kwanta. Likita dai ya ce kada a kuma.

An jinkirta mana izini sai da muka canja tsari. Tun daga nan ba ma huda durom. Inji ne ke daddatsa shi kafin ya bar harabar kamfani. Gwaggo kuwa har ta rasu ba ta ƙara sa ni cikin masu raba abin sha ba.