Sistar da Ba Ta Yin Allura

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da darasin da aka yi mana jiya, amma akwai wata safiyar Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba: ranar da na tsaya a tsakar gidan maƙwabtanmu ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Ni irin yaran nan ce da ba a jin muryarsu. Ko malam ya yi tambayar da na san amsarta, sai in sunkuyar da kai in bar wata ta faɗa. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wanda ya sake takalmi a layinmu, na san akuyar da ke ɗingishi, na san ranar da Umma ta rage gishiri a miya don ranta a ɓace yake.

A shekarar ne wasu tsofaffin Turawa, mata da miji, suka kama hayar gidan da ke jikin namu a nan Daura. An ce cocinsu ce ta turo su daga Amurka bayan sun yi ritaya, su yi aikin rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka da rabon kekunan guragu. Da farko unguwa ta ɗaure fuska, an zaci wa'azi ya kawo su. Baba ya ce mu gaishe su kamar kowane maƙwabci, amma ban da shiga. Da aka ga watanni sun shuɗe ba su tari kowa da zancen addini ba, kuma aka gano ba su shan giya, ba su shan taba, ko shayi ba su sha, sai hankali ya kwanta. (Mai shayin bakin titinmu ne kaɗai bai huce ba. Ya ce Baturen da ba ya shan shayi abin a sa masa ido ne.)

Baba ya hana shiga, amma bai hana leƙe ba, ko in ce bai san da shi ba. Akwai wani tsohon turmi a bayan madafinmu. In na kifa shi na hau, idanuna na kaiwa daidai saman katanga, ina ganin tsakar gidansu da tagar kicin.

Daga kan turmin nan na haddace rayuwarsu. Da sassafe sukan fita zagayen unguwa riƙe da hannun juna, shi dogo da farar riga da lakataye, ita gajeriya da faffaɗar hula. Yara suka raɗa masa Baba Dogo. Yana ƙoƙari da Hausa, sai dai gaisuwa ɗaya ya fi ƙauna, ko da la'asar ya gamu da kai, "Ina kwana!" zai ce, ya ɗaga hannu sama. In za su ci abinci sai su runtse ido su sunkuya, shi ya yi addu'a mai tsawo, ita ta buɗe ido ɗaya ta kori ƙuda. Shi ke wanke tukwane. Wannan ya fi komai ɗaure mini kai. Ƙofar firjinsu cike take da hotunan jikoki, wasu ba haƙora, kuma ran Lahadi da yamma sukan zauna gaban waya suna ɗaga wa yaran hannu. Wata rana bayan an kashe wayar na ga ta daɗe zaune tana share ido da bakin rigarta, shi kuma yana ɗan bubbuga mata kafaɗa. Ranar na sauko daga turmi da wuri.

Kowannensu yana maƙale da wani ɗan baƙin allo a ƙirji, da farin rubutu. Ran da ta zo sayen tumatir a ƙofar gidanmu na matsa kusa, kamar mai neman wani abu a ƙasa, na karanta nata. Kalmar farko ita ce Sister. Sunan da ke biye kuwa har suka bar garin harshena bai iya juya shi ba.

To, ku gaya mini, wace ce sista a Daura? Ba mai farin kaya ba ce, mai allura, wadda ke daka wa mutane tsawa a asibiti? Nan da nan duk abin da na gani daga kan turmi ya zauna daram. Na gan ta da safar hannu ta roba. Na ga tana jiƙa ganyen latas a ruwa mai warin asibiti. Na ga wani farin akwati a kan tebur. Me ya rage?

Da yammar ranar muna zaune a tsakar gida, yayyena biyu suna musu kan aikin matar. Ɗaya ya ce malama ce, ɗaya ya ce rakiya kawai ta yi wa mijinta. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Sista ce," na ce. "Ta asibiti. Na karanta a ƙirjinta."

Kowa ya juyo. Ban saba a juyo a dube ni ba, kuma wallahi abin da daɗi. Na ƙara da safar hannu, na ƙara da farin akwati. (Ban faɗi inda na tsaya na gansu ba.) Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji amfanin boko." Kaka, mahaifiyar Baba, ta ajiye carbinta ta ce, "Ke 'yar boko, kin tabbata?"

"Na tabbata, Kaka."

Da a ce ta tsaya nan da ban rubuta wannan ba. Ashe Kaka tana da yaya a Dutsi, wadda muke kira Iya ta Dutsi, da ta daɗe tana fama da gwiwa. An yi an yi ta je asibiti ta ƙi, ta ce ba za ta je jikokin cikinta su yi mata tsawa ba. Sai Kaka ta aika mata cewa Allah ya kawo sistar Turai har jikin katangarmu, tsohuwa sa'arta, mai fara'a. Iya ta Dutsi, wadda ko biki ba ta zuwa saboda ƙafa, ta sa aka ɗora ta a mota ta taho.

Safiyar Asabar Kaka ta tashe ni ta ce in sa hijabina mai kyau, ni ce tafinta. Baba ma ya ɗage dokarsa saboda Iya. Da muka fito na tarar ba mu kaɗai ba ne. Labari ya zaga. Ga matar mai gyaran keke da ɗanta mai tari, ga wata tsohuwa mai ciwon ido, ga wasu da ban ma san daga wane layi suka ɓullo ba, kowa da tabarmarta. Kaka na gaba tana taƙama kamar ita ta gina asibitin.

Sista ta buɗe ƙofa ta ga taro, sai fuskarta ta washe. Ta zaci gaisuwa aka zo mata. Ta shigar da mu tsakar gida, ta koma ciki da sauri ta fito da wani burodi mai ayaba da ta gasa, tana yankawa tana rabawa tana cewa "Sannu, sannu." Mata suka karɓa suna yaba hali. Wata ta ce, "Kun ga sistar ƙwarai, tun kafin allura an ba ka abin taɓawa."

Iya ta Dutsi ba ta zo cin burodi ba. Ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ja zane zuwa gwiwa, ta ce, "Gaya mata tun damina biyu da suka wuce. Gaya mata da sanyin asuba ya fi tsanani."

Na tattaro Turancina na faɗa. Sista ta durƙusa ta dubi gwiwar da tausayi, ta ce lallai ta kumbura, me likita ya ce? Na ce ai wurinta aka zo, tunda ita ce sista. Ta dube ni. Ta dubi allon ƙirjinta. Ta dubi matan da ke jere a tabarmi. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don har kunnuwanta suka yi ja.

Ta kama hannuna ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. A cocinsu, in ji ta, kowace mace haka ake kiranta, ma'anarsa 'yar'uwa. Ita ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ganin jini ma juwa yake sa ta. Safar hannun ta wanke-wanke ce. Aikin da ta yi har ta tsufa shi ne tuƙa babbar motar da ke kai yara makaranta.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

A duk tsakar gidan nan ni kaɗai ke jin harsunan biyu. Na dubi Kaka da ta tara mutane da sunana, na dubi gwiwar Iya da ta sha hanya tun daga Dutsi. Sai shaiɗan ya raɗa mini wata 'yar ƙofa.

"Ta ce... wai magani ya ƙare. Sai an aiko daga Amurka."

Mata suka fara "Ayya, Allah ya kawo." Har na fara jin numfashina na dawowa. Ban lura Baba Dogo ya fito da tsumman goge kwano a kafaɗa ba. Cikin 'yan kalmomin Hausar da ya tara, ashe akwai magani.

"Magani?" ya ce da ƙarfi, yana murmushi. "A'a, babu magani! Matata ba likita ba." Ya dafa kafaɗarta cike da alfahari, ya kama sitiyarin iska yana murzawa. "Matata direba!"

Duk matan suka juyo suka zuba mini ido.

Iya ta Dutsi ta sauke zanenta a hankali ta rufe gwiwa. "Direba," ta ce. "Na taso tun daga Dutsi na buɗe wa direba ƙafata." Ta juya ga Kaka. "Ke kuma da girmanki, kwandasta kika zama?"

Matar mai gyaran keke ce ta fara tuntsirewa, sauran suka bi. Kaka ba ta yi dariya ba. Kallo ɗaya ta yi mini, ta ce, "'Yar boko, maganin da ya ƙare fa, na mota ne?" Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska ina kuka, da guntun burodi a hannuna ban san inda zan ajiye shi ba.

Sista ce ta cece ni. Ta shiga ɗaki ta fito da makullin motarsu tana kaɗawa, ta ce in gaya musu, kuma wannan karon in faɗi daidai: ba ta iya duba gwiwa ba, amma ta iya kai gwiwa inda za a duba ta. (A nan ne na tuna cewa kullum in za su fita ƙauye ita ke zama a bayan sitiyari, shi yana gefe da taswira. Kullum ina gani. Ban taɓa sa shi a lissafi ba, don bai dace da labarina ba.)

Iya ta ce ba inda za ta. Sista ta buɗe ƙofar gaban motar ta tsaya tana jira, irin tsayuwar wadda ta saba da yara masu gardama. Aka yi ta kallon-kallo tsakanin tsofaffi biyu da ba mai jin yaren wata. Can Iya ta ce, "To, tunda na riga na ci burodinta," ta miƙa hannu aka ɗaga ta. Muka cika motar, har da mai tari da mai ciwon ido. Ban taɓa ganin tuƙi mai natsuwa irin nata ba, ko rami ta gani sai ta rage gudu ta ce wa Iya "Sannu."

A asibiti sista ta gaske, mai farin kaya, ta duba gwiwar ta yi faɗan me ya sa aka daɗe haka, sannan ta tambayi wanda ya turo su. Iya ta nuna ni da sandarta. "Ga babbar likitarmu can, mai rufe fuska."

An zuƙe ruwan gwiwar, aka ba ta magani. Ba ta warke sarai ba, amma ta koma zuwa biki, kuma duk bikin da ta je sai ta ba da labarina, da ƙari. Sista ce ta riƙa kai ta asibiti duk ranar komawa, suna tafe kowa na zuba da yarenta, in na yi yunƙurin fassara Iya ta ce, "Rufa mana asiri, muna fahimtar juna."

Wa'adinsu ya cika suka koma wurin jikokinsu. Ranar tafiya unguwa ta fito, Kaka ta ba su ƙullin kuka da daddawa, ban san yadda suka yi da su ba. Yanzu wani ma'aikacin kwastan da ke aiki a kan iyakar Kongolam ne a gidan, ƙofarsa kullum a rufe. Wani lokaci in na ji ƙamshin ayaba ta nuna sosai, sai in ji kewarsu ta taso mini.

Har yau a gidanmu ba mai kirana da sunana, Sista ake ce mini. Kuma na koyi abu ɗaya: in ka ga rubutu a ƙirjin mutum, mutumin yana nan tsaye a bayan rubutun, da bakinsa. Kunyar tambayarsa ta minti ɗaya ce. Wadda na zaɓa wa kaina kuwa har Dutsi ta kai, kuma ba ta dawo ba tukuna.