Yadda Za Ka Ceci Tafiyarka ta Turai Bayan Manhaja Ta Zama Kyauta

Idan gwamnati ta yi maka ba-zata, ta ce a daina dogaro da manhajar kamfanonin waje a koma wa buɗaɗɗiya, wadda kowa ke ɗauka kyauta ya leƙa cikinta ya gyara, to share hawayenka. Bi matakan nan, na lamunce maka nasara. Na gwada su a kan maƙwabcina a Nassarawa GRA, Malam Abdulbaƙi, wanda ofishinsu ke tura shi Turai duk shekara don sabunta lasisin manhaja. Wannan tafiyar ita ce mutuncinsa a unguwa, ita ce kuma dalilin da ya sa surukinsa ke ba shi kujera maimakon tabarma.

1. Fi kowa murna

Ranar da aka karanta sanarwar, kada fuskarka ta tona maka asiri. Abdulbaƙi ya miƙe ya yi jawabi kan dogaro da kai har muryarsa na rawa. Jama'a suka ce kishin ƙasa ne. Ni dai na san ya riga ya kai rigar sanyinsa wajen mai wanki.

2. Ƙaƙaba wa manhajar ciwo

Ka ce ba za ta jure zafin Kano ba. Abdulbaƙi ya shaida wa daraktarsu, Hajiya Hasiya, cewa a ƙasar sanyi aka haife ta, dole a tura mutum ya ga yadda ake renonta. Hajiya ta ce tun safe take aiki da ita, ko fanka babu, kuma ko tari ba ta ji ta yi ba. Idan haka ta same ka, gyaɗa kai kawai. Ƙwararre ba ya musu da mai sa hannu.

3. Kama su ta wajen tarbiyya

Nan ne ainihin ilimin. A ina aka taɓa yi wa mutum kyauta ya yi shiru? Ko ƙosai maƙwabciya ta aiko, ai sai an bi ta da godiya.

"Ranki ya daɗe," in ji Abdulbaƙi, "bayin Allahn nan sun ba mu abu sukutum, ba su nemi komai ba. In ba mu taka har gida mun yi godiya ba, me za su ɗauki Kanawa?"

Jikin Hajiya ya yi sanyi, don mace ce mai kunya. Nan take ta amince a tura tawagar godiya ta mutum ɗaya.

4. Cika gari da labari

Kada ka tsaya tambayar inda za a je. Abdulbaƙi ya yi sallama da mutanen masallaci, ya sayi kilishi da hular da zai ɗora wa Bature, matarsa Nabiha kuma ta karɓi sautun dangi kaf.

5. Hana kowa neman adireshi

A nan ɗalibina ya yi sakaci, har yau abin na ci mini rai. Ya bari aka sa Irene, sakatariyar ofis, ta binciko gidan da za a kai godiyar. Ta dawo ta ce masu manhajar a warwatse suke a duniya, ba ofis ba mai gadi, amma wanda ya mayar da ita Hausa wani malamin makaranta ne, Malam Dennis, yana nan Tudun Wada.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajiya. "Ko biza ba sai an nema ba. Ka je bayan la'asar."

6. Yi tafiyar, sannan ka ɓuya

Ya je a adaidaita sahu, ya miƙa kilishi, ya sha zoɓo. Da ya dawo sai ya zarce ɗakin ajiya na bayan gida, tsakanin janareta da buhunan shinkafa, domin a sanin unguwa yana Turai. Nabiha na miƙa masa tuwo ta taga. Ka kashe waya, ka kuma koyi atishawa a cikin matashi.

7. Guji mai tarbiyya irin taka

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, Malam Dennis ma ɗan gidan mutunci ne. Ranar Asabar sai ga shi da iyalinsa da kwandon lemo, sun zo godiyar godiya. Suka tarar da surukin Abdulbaƙi a tsakar gida yana tambayar 'yarsa ko maigidan ya sauka lafiya.

"Lafiya lau ya sauka, Baba," in ji Dennis cikin ladabi. "A ƙofar gidana ma. Ni na yi masa cinikin adaidaitar komowa."

Tsoho ya juya ya dubi 'yarsa. Can daga bayan gida aka ji buhun shinkafa ya zube.

Gargaɗi

Ba ruwan mai wannan rubutu da abin da zai biyo baya, ko tsakaninka da darakta ko da surukai. Mai ƙorafi ya kai wa Malam Abdulbaƙi, amma ya yi haƙuri tukuna. Har yanzu bai dawo daga Turai ba, kuma Nabiha ta ce ya roƙi a ƙara masa mako guda.